Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Shekarar da aka hana acaɓa a Bauchi ne matata ta samu ciki, bayan shekara tara da haihuwar 'yarmu ɗaya tilo. Ina wankin hula a Ƙofar Dumi, kuma a lokacin ban shiga makarantar yaƙi da jahilci ba, ko sunana ba na iya rubutawa.

Cikin yana wata biyu da rabi ta fara ganin ɗigon jini. Gwaggonta, wadda ta raine ta, ita ta raka ta asibiti aka yi hoton ciki. Da suka dawo na tarar da matata kwance ta juya wa ƙofa baya, Gwaggo kuma na zaune kan tabarma. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta.

"Wai ba su ga motsi ba," in ji Gwaggo. "Yaran zamani, sai su ce a wanke. Kwanciya ya yi. Nawa ma ya taɓa kwanciya wata biyar, ga shi can yana sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal. Zan kawo saiwa a jiƙa, zai tashi."

Ta miƙo mini takardar asibiti. A gidanmu namiji ba ya buɗe baki ya yi wa surukarsa maganar ciki. Na ce to, na ninke takardar na sa a aljihu. Da Gwaggo ta tafi na tambayi matata abin da likita ya ce. Ta ce, "Malam, bari mu gani tukuna." Tana son ya tashi, ni ma haka.

Muka yi ta jira. Kullum ina wuce mai kemis ɗin bakin titi da takardar a aljihu, kunya ta hana ni nuna masa, don kada maganar cikin matata ta fita unguwa.

Rana ta goma sha shida, bayan la'asar, ina jera huluna a kan katako maƙwabciya ta leƙo ta ce in zo gida. Na iske matata tana rawar sanyi, jikinta zafi rau, zani biyu sun jiƙe da jini. Na kira ta, ta dube ni ba ta amsa ba. Keke napep ba ya shiga lungunmu, babur kuma babu. Na goya ta, maƙwabciyar na riƙe da ƙafafunta, har bakin titi. Keke uku suka wuce cike da mutane kafin na huɗu ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke mu.

A asibiti wata nas dattijuwa ta karɓi takardar ta duba.

"Baba, wannan takardar ina ta shiga sati biyu?"

"Aljihuna."

"Aljihun naka likita ne? An rubuta ku dawo bayan kwana bakwai a sake hoto. An rubuta in ta ga zazzaɓi ko jini, ku zo nan take."

"An ce mana kwanciya ya yi."

Ta dube ni, muryarta ta sauka. "Tun ranar ba rai. Abin da ya zauna a mahaifa ne ya ruɓe. Zo ka dangwala, wankin ciki za a yi. Kuma a gwada jininka, ko za ta buƙaci ƙarin jini."

Na dangwala yatsa. Na zauna a benci ina kallon ƙofa. Gwaggo ta iso ta zauna a can ƙarshe, carbi a hannu, ba wanda ya dubi wani. An kira magariba ban tashi ba, sai da wata likita ta fito ta ce jinin ya tsaya.

Na tambaye ta ko daka da ɗaukar ruwa ne suka jawo ɓarin. Ta ce a'a, irin wannan yawanci tun halittar cikin ne ba ta daidaitu ba, ba laifin kowa ba ne. Jiran ne ya kusa tafiya da ita.

Matata ta tashi, amma ba ta sake samun ciki ba. Takardar tana nan, yanzu ina iya karanta kwanan watan da ke samanta. Mun rasa ciki ɗaya na sati goma, da jinin da sai da aka ƙara mata leda uku, da kwana goma sha shida.