Ƙafar da ta ƙi shurin likita

Ɗiyata ta fari ba ta yi kuka ba ranar da anka haihe ta, sai da ungozoma ta gaji da yayyafa mata ruwa. Ta shekara bakwai ba ta tsaya ba. In an ɗaga ta, ƙafafun su sandare su harɗe kamar almakashi, magana kuma sai ta ja ta da ƙyar. Amma hankali, wannan Allah ya ba ta, har ya yi mata yawa.

Ƙafarta ta dama tana da ƙarfi, ni shaida ce. Tana kwance kan tabarma take tura turmi da ita har ya kihe, ta yi ta dariya. Wata rana ta yi wa kakarta, uwar maigidana, irin wannan wasa, tsohuwa ta hwaɗi zaune. Ni kuwa da baƙar zuciyata na tsula mata tsumagiya, na ce in ta ƙara miƙa wa babba ƙafa sai na karya ta. Sau ɗaya na gaya mata, ta riƙe.

Shekarar da damina ta biyu ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Garinmu Tozai ya watse, kowa ya nuhi kudu. Maigida ya ce mu ma za mu bi, amma ba ya ɗaukar yarinyar da ba ta takawa, ga goyo gare ni. Za a bar ta wurin tsohuwa da ɗan abin da ya rage cikin rumbu, wanda bai kai wata biyu ba.

Ana haka anka ce wani likitan gaɓoɓi ya zo asibitin garin Isa. Yaran da ya samu da sauran ƙarfi zai tahi da su Sakkwato, a yi musu takalmin ƙarhe, a koya musu tahiya, ana ba su abinci. Na goya ta munka kama hanya tun da hantsi.

Dattijo ne mai hurhura, mai sanyin magana. Yakan kwantar da yaro kan benci, ya tara tahin hannunsa, ya ce a tura. Sai ya ba da lamba, daga sifili zuwa biyar. Malamin asibiti ya ce mana daga uku ake ɗauka.

Da anka zo kanta, ta damƙe yatsansa, ya gyaɗa kai. Sannan ya tara hannu daidai tahin ƙafarta ta dama.

"Shure ni, ɗiyata. Da ƙarfi."

Ta dubi hurhurarsa, ta juyo ta dube ni. Ƙafar ta ɗan motsa, ta janye ta. Ya sake cewa, har sau uku, yana lallashi. Ta sunkuyar da ido.

Kalma ɗaya ta ishe ni. In ce mata shure shi, shi ke nan. To amma ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ni kira, balle in tsaya gaban maza da matan garinmu ina yi mata magana, a koma gida ana cewa ba ni da kunya. Na ja mayahi na ruhe baki. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ya rubuta ɗaya. Ya ce mu yi haƙuri, wannan ƙarhe ba zai amfane ta ba. Anka kira na baya.

Kan hanyar komawa haushi ya cika ni, ban ma san na wa nike ji ba. Mun wuce busasshen gulbi sai na ji bakinta kusa da kunnena, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, na yi ladabi ko?"

Na ce ta yi.

Bayan kwana tara munka tashi, munka bar ta wurin tsohuwa. Na ce mata za ni in dawo da damina. Damina ba ta zo ba, kuma saƙon tsohuwa ya riga ni, cewa yarinyar ta rasu.