Ranar da Na Ce Shirwa

Tun ina ƙarama ba ni da yawan magana. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu, a gida kuma sai an tambaye ni sau biyu. Kakata, mahaifiyar Baba, bebiya take ce mini, kuma a bakinta ban taɓa jin kalmar kamar zagi ba.

Mu a Jega muke zaune. Ita tana Jiga Birni tare da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta koma gida bayan rasuwar mijinta. Duk hutun makaranta can ake kai ni. Gidan ƙasa ne a ƙarshen gari, da dogonyaro ɗaya a tsakar gida, da randa biyu a gindinsa an binne su rabi cikin yashi. Bayan danga akwai fili, a bakin filin kuma rudun Kaka yake.

Kaka tana da 'yar fadama da kakanmu ya bar mata. Mazan gari ke noma mata albasa, amma daga ranar da aka cire ta sai ta zama aikin Kaka. Ba ta kai ta kasuwar Aliero lokacin da kowa ke kaiwa. Ajiye ta take yi a rudu har damina ta yi nisa. Rudun gado ne na itace da kara, an ɗaga shi daga ƙasa don iska ta ratsa, a shimfiɗa albasa a kai, a lulluɓe da ciyawa. Kullum da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, mukan je mu ɗaga ciyawar. Kaka ta ɗauki albasa ta danna wuyanta da babban yatsa. In ya yi taushi ta jefa a kwarya, in ya yi tauri ta mayar. Ni ma haka nake yi a ɗaya gefen. Mukan yi awa guda babu wadda ta ce uffan, kuma a duk duniya nan ne kawai shiruna bai dami kowa ba.

Baba ya daɗe yana son ta dawo Jega. Ranar da ya kai ni hutuna na ƙarshe a can ma sai da ya sake tayar da zancen.

"Inna, ki taho ki huta. Ga hwanka, ga asibiti kusa."

"Hwankar da ke jiran wuta kamar mai jiran baƙo? In taho in bar albasata ga wa?"

"Ana sayar da albasa a Jega."

"Ta wasu. In dai rudun ga na tsaye, ni ma ina nan."

Baba ya yi dariya. "To ranar da babu rudu fa?"

"Rannan ka kawo mota."

Da wasa suka yi maganar. Ni ina gefe ina wanke kofi, na riƙe ta. Ba na son Kaka ta taho Jega. In ta taho, wa zai ƙara kai ni Jiga Birni?

A wannan shekarar, azumi ya faɗo cikin bazara, kuma tsofaffi suka ce ba su tuna zafi irinsa ba. Ƙofar kwano ba ta taɓuwa da hannu. Ruwan buta in aka bar shi a rana sai an surka kafin a yi alwala. Kaji su buɗe baki su saki fikafikai a gindin randa, ko korar su aka yi ba sa tashi. Gwaggo takan jiƙa zane ta lulluɓa, kafin ta kai ƙarshen carbi ya bushe. Ciyawar daji kuwa ta zama fara fat, in ka taka sai ta karye kamar tsintsiya.

Lokacin sharar gona ne, mutane na tara kara suna ƙonawa. An yi ta gargaɗi a masallaci kada a sa wuta sai da sanyin safiya, don bayan azahar iska mai zafi takan taso. Kaka ta fara share ciyawar da ke kewaye da rudu da fartanya, ni ina kwashewa. Muka gama gefe uku. Na gabas ya rage, ta dafa ƙugunta ta ce a bar shi sai jibi.

Akwai abin da ta taɓa nuna mini a wani hutu, muna dawowa daga fadama. Shirwa ce ta taru can nesa, tana shawagi ƙasa-ƙasa.

"Bebiya, duba. Shirwa in ta taru haka ba kaji taka nema ba. Wuta na korar hwara daga ciyawa, ita ko tana bin wutar tana ci. Kahin ki ga hayaƙi, ita za ki hwara gani."

Washegarin ranar da muka bar gefen gabas, bayan azahar, Kaka na barci a ɗaki, Gwaggo na kwance gindin dogonyaro da jiƙaƙƙen zanenta. Na je shanya hijabina a danga, sai na ga shirwa ta gabas. Na ƙirga har goma sha ɗaya na bari, don wasu na ta ƙaruwa. Sama ta yi fari saboda zafi, ban ga hayaƙi ba. Da na dawo wajen randa sai na ga wani ɗan baƙin abu ya sauka a kan faifan da aka rufe ta da shi. Na taɓa shi ya murje a yatsana. Ƙonannen tsinken ciyawa ne.

Na je na tsaya a kan Gwaggo. Ban taɓa tayar da babba daga barci ba. Na daɗe a tsaye kafin na taɓa ƙafarta.

"Gwaggo."

"Mi?"

"Shirwa."

Ta miƙe zumbur. Tana da kaza mai 'yan tsaki, kuma a makon nan shirwa ta ɗauke mata biyu.

"Ɗauko kwando, ki tare ta can. Wagga la'ananniya ba ta ko jin kunyar azumi."

Na ɗauko kwandon. Wannan shi ne abin da har yau nake juyawa a raina: na ɗauko kwandon, na taya ta. Kalmar wuta tana bakina. Amma in ba wuta ba ce fa? In na tayar da gari da azumi a cikin wannan rana, aka fito aka ga babu komai, yaya zan ƙara bin hanya? Sai na ce bari mu gama da kajin tukuna. Ɗan tsako ɗaya ya shige bayan turmi, wani ya bi ƙarƙashin danga. Uwar tana ta kai mana sara. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba.

Kukan kajin ne ya tayar da Kaka. Ta fito bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali.

"Mi ya hwaru?"

"Bebiyarki tac ce shirwa," in ji Gwaggo.

Kaka ba ta kalli kajin ba. Ni ta kalla.

"Nawa?"

"Da yawa."

Ta fita babu takalmi.

Muryarta ce ta tara mutane. Maza suka fito da rassan dogonyaro da bokitai, mata na miƙa ruwa ta kan danga. Wutar ba ta da tsawo, ƙasa-ƙasa take gudu, kusan ba a ganin harshenta saboda hasken rana, sai dai a ga ciyawa ta koma baƙa. Ta bi ta gabas, ta wurin da ba mu share ba. Da ta taɓa ciyawar rudun ba ta jira kowa ba. An tare ta kafin ta kai ga gidaje. Har yau ba a san gonar da ta taso ba.

Abin da na fi tunawa shi ne ƙamshin. Duk garin ya ɗauki ƙamshin gasasshiyar albasa, ga mutane da azumi a baki. Wani dattijo ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce ko a tambayi liman in wannan ƙamshi bai karya azumi ba. Aka yi dariya kaɗan. Kaka ma ta murmusa, tana tsaye a kan toka, tafin ƙafarta duk ya ƙone ya tashi.

Da aka sha ruwa na zauna ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa. Ban ɗaga kai ba na ce, "Kaka, na gani tun da wuri."

"Na sani."

"Da na ce wuta."

"Da ni ma na share gabas." Ta ɗora hannu a kaina, hannun na warin hayaƙi. "Sau guda bebiya tay yi magana, ga shi kaji sun tsira."

Bayan Sallah Baba ya kawo mota. Ya fara cewa ai wasa suka yi, in tana so a sake kafa wani rudun baɗi. Ta ce ƙafar da za ta kai ta can kullum ba ta da ita yanzu, kuma ita ta faɗa da bakinta. Gwaggo ta tafi wajen ɗanta a Maiyama, da kajinta a kwando. Fadamar aka ba wani ɗan'uwa yana nomawa. Randunan biyu aka bar su a gindin dogonyaro, don da aka gwada tono ɗaya sai ta tsage.

Yanzu ɗakin Kaka yana kusa da namu. Kullum ina ganinta, ina kai mata ruwa, amma kewarta nake yi, kewar waccan da ke tafiya gabana da kwarya da safe. Ban ƙara zuwa Jiga Birni ba. Wani lokaci ina aji sai in tuna ko wani ya rufe randunan, ko ganye ya cika su.

Unguwarmu ba ta da nisa da mayanka, saboda haka kullum akwai shirwa a samanmu. Makonnin farko da zuwanta, duk sanda ta hango su sai ta yunƙura za ta tashi. Yanzu ta daina. Amma bazarar nan da zafi ya dawo, na taso daga makaranta na same ta zaune a baranda, farantin albasar da Mama ta sayo a cinyarta, idonta na sama.

"Bebiya, nawa?"

"Da yawa, Kaka. Ta mahauta ce."

"Kin tabbata?"

Na ajiye jakata, na hau benci na leƙa ta kan katanga, wajen hanyar Aliero. Rufin kwano kawai na gani yana ƙyalli.

"Babu wuta," na ce mata, da ƙarfi yadda za ta ji.

Ta gyaɗa kai, ta matsa mini a tabarma. Albasar ba ta fi goma ba, kuma a daren ranar za a yanka rabinta a miya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna danna wuyansu, da muka gama ta sake juyo farantin muka fara daga farko.