Bene Huɗu Kafin Busa

Jiya lif ɗin gidanmu ya lalace, na hau bene huɗu da ƙafa. Ina haki a bakin ƙofa sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai, tsohon ɗan badujala daga Jos da muka yi maƙwabtaka a unguwar Muraqqabat, can ƙasar Larabawa.

Shekarar da na fara koyar da kiɗa a wata makaranta a Deira, aka ce 'yan ajina, sababbin shiga busa, su yi kiɗan jaz irin na Latin a bikin ƙarshen zango. Ina gwajin aiki lokacin, in suka watse a gaban iyaye, ni da bizata sai gida. Na zaɓo takardun kiɗa biyar na kai wa Baba.

Ya lashi yatsa ya juya takardun, ɗakin na ƙamshin shayi da man ƙaho. Sai ya ɗauki ƙahonsa.

"Yalla, mu sauka."

Muka sauka ƙasa, muka hauro benen da sauri, yana haki ya busa na farko. Kowane kiɗa sai mun sake hawa, ni haushi da mamaki sun cika ni. A kiɗa huɗun farko numfashinsa ya yanke a tsakiya. Na biyar, mai sanyin da na raina, ya kai ƙarshe.

"Shi ne. Ƙirjin ɗan shekara goma ke nan, ga tsoro. Kai kunnenka ka zaɓar wa, ɗana."

Ranar bikin yaran suka ƙare tare. Har yau ina son sanin inda ya koyo wannan dabara, ban kuwa tambaya ba.

Allah ya hutar da kai, Baba, inda numfashi ba ya yankewa.