Asalin Kalmar Soja da Kwabon Yaya Bitrus

Ranar wata Litinin ce a farkon damina, ina aji huɗu a firamaren da ke kan hanyar Manga. Ruwa ya hana mu fita tara, sai Malam Yohanna, sarkin surutu, ya ɗauki alli ya rubuta "soja" a allo. Ya ce daga bakin Turawan Ingila muka aro kalmar, su kuma sun gaje ta ne daga mutanen Rum na dā can, masu wata tsabar zinariya da ake kira solidus. Wanda aka ba wannan tsaba ya tafi yaƙi, shi ne soja. Ni kuwa, Ladi mai baki kamar reza, na ƙulle maganar a bakin zane na nufi gida da ita.

A ranar ne yayana Bitrus zai tafi aikin soja. Shekara biyar ya yi yana golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwarsa a wurinmu kafin a ba shi ita. Saura shekara biyu ya auri budurwar tasa Rahila, ya ce in ya dawo da kaki zai ƙarasa. Na tarar da shi a gindin rumbu yana ɗaure akwatin ƙarfe, Inna na zuba masa soyayyiyar gyaɗa daga kwano. Maimakon in yi masa fatan alheri, sai na riƙe ƙugu na ce, "Yaya, ashe sayen ka aka yi! Malam ya ce soja mutum ne da aka saya da tsaba."

Wallahi Malam bai faɗi haka ba, ni na ƙara gishiri. Kwanon ya suɓuce daga hannun Inna. Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya laluba aljihu ya ɗora mini kwabo a tafin hannu. "To ajiye wannan, Ladi. In na dawo sai ki fanshe ni."

Akwatin ne kawai ya dawo. Rahila ta jira damina uku, fartanyarsa ta yi tsatsa a jikin rumbu, kuma Inna ba ta taɓa tada mini maganar ba har ta koma ga Ubangiji. Da ma ta dake ni, da na fi samun sauƙi.

Yanzu ni ma malama ce a Zuru, ajina cike da 'ya'yan sojoji. Ina koya musu asalin kalmomi iri-iri, amma wannan nakan tsallake ta. Kwabon ya daina ci a kasuwa tuntuni, yana nan a ƙasan akwatin. Har yau ban sami wanda zan miƙa wa ba.