Akwatin Riga-kafin da Ya Kwana a Baranda

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya, akwai wata Juma'a da ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina wani ƙaramin asibiti tsakanin Gummi da Bukkuyum. Mu uku ne: shugabarmu Hajiya Kulu, ni Yohanna, sai Lawali, wanda na riga shiga aiki da shekara huɗu.

Ni da Lawali muna da wata al'ada da ba mu rubuta ko'ina ba. Ran Juma'a idan ya tafi masallaci ni nake ƙarasa aikinsa, ran Lahadi kuma shi yake riƙe mini in hau babur zuwa coci a Gummi. Ga wanda bai sani ba, allurar riga-kafi ba ta shiri da zafi. Duk wanda ya ɗebe ta daga firiji zai sa hannu a rajista, shi zai mayar da ragowar, in ta lalace kuma a wuyansa take.

Ranar, Lawali ya dawo daga ƙauye a gurguje, ya dire akwatin sanyi a baranda ya ce, "Yohanna, taimaka ka maida muna wagga allura, kar huɗuba ta wuce ni." Na ce to. Ina shiga ofis na tarar da takarda a kan tebur: an zaɓi Lawali zuwa kwas a Sakkwato. Kwas ɗin da na nema har sau uku! Na yi ta maimaita karatunta kamar sunan zai canja. Hassada ta cika mini ciki, na rufe ofis na tafi gida, na manta shaf da akwati, ya wuni ya kwana a waje.

Asabar da safe Hajiya ta buɗe shi, ƙanƙara ta zama ruwa. Ta duba rajista ta ce, "Lawali, wanga ba hannunka ba ne? Litinin zan kai rahoto ƙaramar hukuma. Kwas kam sai dai ka ji labari."

Lawali ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na ce a raina, faɗuwar wani tashin wani.

Lahadi da sassafe sai ga shi ya zo kamar kullum, ya karɓi makulli ya ce, "Tahi, kar ka makara."

A coci kuma ni aka ba karatun Dokoki Goma. Da na zo ta tara, wadda ta hana shaidar zur, na lallashi kaina cewa ai ni ban yi shaida ba, shiru kawai na yi. Sai na shiga ta goma, wadda ta hana ƙyashin abin maƙwabci. Nan dabara ta ƙare. Ga ni tsaye gaban jama'a ina karanta laifina da bakina, maƙwabcin kuwa yana can yana gadin aikina don in samu zuwa.

Litinin na riga kowa isa ofis, na faɗa wa Hajiya komai. Ta cire tabarau ta ce, "Mi yah hana ka hwaɗi tun shekaranjiya?"

Na ce, "Hassada, Hajiya."

Takardar tuhuma ta shiga fayil ɗina, ƙarin girma ya tsallake ni. Lawali ya tafi Sakkwato, ya dawo ya zama shugabana.

To ku 'yan baya, in kun yi musanyen aiki ku rubuta, domin rajista hannu ta sani, ba ta san amana ba. Kada kuma ku ɗauka na warke. Har yau in na ce masa "ranka ya daɗe" sai hassadar nan ta motsa. Doka ta tara na kiyaye ta ran Litinin ɗin nan, sau ɗaya, ta wuce. Ta goma kuwa kullum da safe sai mun sake kokawa.