Kwalbar da Na Hana a Buɗe

Rifkatu, 'yata, rubuta yadda na faɗa.

A ƙauyenmu na kan dutse, bayan an ci tuwon acca, Kaka kan ja mu kusa da murhu tana gasa mana gyaɗa. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri."

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa. Wani maharbi ya samo zuma a kogo, ya liƙe bakin tukunyar da yumɓu, ya ce sai babban baƙo. Uwarsa ta roƙi ɗanɗano, ya hana. Ƙaninsa ma haka. Ya tsufa, rannan aka yi sallama, ya fito da tukunya yana rawar jiki. Ashe Mutuwa ce. Nan Kaka kan maƙe murya: "Ni ba na shan zuma. Tashi mu tafi." Mu yi ta dariya har gyaɗa ta ƙone.

Babanki ya yi shekaru yana tuƙa wa wani ɗan Italiya motar kaya a nan Landan. Da zai bar aikin, mutumin ya ba shi kwalbar jan ruwan inabi daga gonar iyayensa. Ya ce a kan dutse take, taki sai kashin tumaki, ba a fesa magani. Babanki ya ce, "Kamar gonarmu ke nan." Muka ɗora ta kan kabad a gidanmu na unguwar Thamesmead, muka ce ba za a buɗe ba sai ranar da muka koma gida.

Kirsimetinsa na ƙarshe, an sallamo shi daga asibiti, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya dubi kabad ya ce, "Maman Rifkatu, sauko da ita mana."

Na ce, "Haba Maigida, mun isa gida ne?"

"Ko murfi ɗaya."

Na hana. Gani nake in na buɗe, na yarda ke nan ba zai sake taka dutsenmu ba. Ya yi murmushi ya ce a ba shi shayi. Kafin bikin Ista muka binne shi a ƙasar nan.

Muna yara mun ɗauka rowa ce ta kama maharbin. Yanzu na san tsoro ma yakan liƙe bakin tukunya. Shekara huɗu ina share wa kwalbar nan ƙura ina kuka.

Ajiye biron haka nan. Ɗauko kofi biyu, ki sauko min da ita.