Gidajen da Ke Bayan Kwari

Ɗan ƙanin babanmu ne, a gidanmu ya tashi, kuma da bayana na goya shi. Shi ya samu ya ƙare karatu, ni na tsaya a aji uku na sakandare na kama tuƙin Keke Napep. Wallahi ban taɓa jin komai a raina game da wannan ba, sai ranar da ya shigo gida da riga mai aljihu barkatai da wata waya mai faɗi kamar faranti, ya ce an ɗauke shi aikin zana taswirar gari.

Aikin shi ne a bi unguwa-unguwa ana sa alama: nan iyakar mazaɓa ta tsaya, nan asibiti, nan makaranta, nan famfo. Ya yi mini bayani cewa duk mai zuwa haƙa rijiyar burtsatse ko yin allurar rigakafi, wannan taswirar zai duba ya san inda mutane suke. Sannan ya ce, "Yaya, kai za ka riƙa kai ni. Babu wanda ya san garin nan kamarka."

Gaskiya ya faɗa. Hoton garin da aka ɗauko daga sama aka sa masa a waya tsoho ne. A unguwar Moduganari wayar ta ce ga hanya, na ce je ka gani, shago aka gina a kanta. Ta ce ga famfo, na ce famfon da rabonsa da ɗigon ruwa tun ban yi aure ba? Shi kuwa sai ya danna, ya gyara, ya ce madalla. Ni ke faɗa, shi ke dannawa.

To amma in mun isa ƙofar bulama, wato mai unguwa, wa ake shimfiɗa wa tabarma? Shi. A yi masa sannu da yaren garin, "Wushe, wushe, Malam mai taswira!" A kawo masa shayi, dattawa su kewaye shi suna leƙa waya, suna neman rufin gidajensu a ciki. Ni ina cikin keke ina korar ƙuda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi na ji, ba zan sa masa wani suna ba. Har yadda yake riƙe wayar da hannu biyu haushi yake ba ni.

Duk da haka na daure, har ranar da wani bulama ya nuna ni da haɓa ya tambaye shi ko tare muke. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Direba ne, shi ke kai ni." Direba! Yaron da na share wa majina. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, hankalinsa yana kan aiki, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Da muka koma gida ko tuwo ban iya ci ba.

Bayan kwana biyu muka kai ƙarshen unguwar Galtimari, inda gidaje suka ƙare a bakin wani kwari da ruwan damina ya haƙa. A hoton wayarsa, bayan kwarin fili ne fetal. Ni kuwa na san akwai mutane. 'Yan ƙauyukan wajen Konduga ne da rikici ya koro, suka kafa gidaje na zana da langa-langa a gangare, inda ba a hango su daga bakin hanya. Sai an zagaya ta bayan wani gidan bulo ake isa. Na sha kai matansu da buhunan gawayi, na sha ruwan randarsu.

Ya tsaya ya sa hannu ya kare rana, ya ce, "Yaya, akwai wani abu a can baya?"

Na ce, "Gonaki ne, sai kashin shanu."

Ya sa yatsa ya ja layi a bakin kwarin, ya shigo keke muka juya.

Abin da nake so shi ne taswirar tasa ta fito da rami. Manyansa su gano, su kira shi su ce ina ka baro mutane, ya dawo yana sosa ƙeya, a gane wane ne ya san gari. Mutanen can kuwa, Allah ya gani, ko a raina ban kawo su ba. Kaina kawai nake kallo.

Babu wanda ya gano. Aka yabe shi, aka ba shi takardar yabo da babarsa ta rataye a falo, aka ɗauke shi zuwa wani aikin a wata jiha. Ni na ci gaba da ɗaukar fasinja.

Bayan damina masu rigakafi suka fito gida-gida. In sun yi wa yaran gida, sai su rubuta alama da alli a jikin bango. Wata safiya na bi ta ƙarshen Galtimari, na ga alli a kowace ƙofa har bakin kwarin. Na zagaya ta gidan bulo. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗigon alli.

A nan na tsaya na kira ƙanin nawa a waya na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Yaya, ai ban ma duba ba. Kai ka faɗa." Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ce zai rubuta wa manyan, amma an riga an miƙa taswira an rarraba ta, gyara sai an sake zagayowa, kuma bai san yaushe ba.

Ina ajiye waya wata dattijuwa ta fito da jikarta a goye, ta ɗaga mini hannu. Idanun yarinyar sun yi ja, ƙuraje sun feso mata har wuya. Ƙyanda ce, ko ni na gane. Ta ce kwana uku ke nan, kuma akwai wasu biyu a maƙwabta. Na ce su shigo, na tayar da keke.

Muna hawowa daga gangaren ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Duk garin nan kai kaɗai ka san muna nan."

Na kasa cewa amin. Yarinyar tana tari a bayana har ƙofar asibiti.